Gaisuwar Ƙarshen Shekara Ga Tashoshi: Kati Da Rahoto, Ko Hoton Waya Ya Wadatar?

Mai Eriya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'abota gajeren zango. Disamba ta kama, hunturu ya fara busawa, har na ga an soma turo hotunan furanni da kyandir a zauren nan. Ban ce laifi ba ne. Amma ina da shawara, ina so mu tattauna ta tun lokaci bai ƙure ba. Bana duk gaisuwar da za mu aika wa wata tasha, ta Kirsimeti ce, ta sabuwar shekara ce, ko ta Sallar da ke tafe bayan azumi, mu haɗa ta da rahoton sauraro. Ka rubuta ranar da ka ji su, ƙarfe nawa agogon GMT, a kan wace mita, me aka faɗa cikin shirin, yaya muryar ta iso Kaduna. Sai ka ɗora barkarka a ƙasa. Hoton da aka tura wa mutum ɗari a lokaci guda ba ya gaya wa ma'aikacin tasha komai. Rahoto kuwa yana gaya masa cewa akwai wani a Tudun Wada da ya zauna ya kasa kunne saboda shi. Me kuka gani?

Ɗan Rigasa:
Wa'alaikumus salam Yaya. Ni dai gaskiya ban ga amfanin wahalar ba. BBC Hausa na Facebook, DW na nan, RFI na nan. Ka rubuta barka da sabuwar shekara a ƙasan labari, cikin minti ɗaya sun gani. Wa ke da kuɗin kan sarki a wannan marra?

Mai Eriya, Tudun Wada:
Ƙanena, ban ce dole sai ta gidan waya ba. Imel ma ya yi. Abin da za a rubuta a ciki nake magana a kai.

Baba Na Kawo:
Salamu alaikum. Jikata ce ke buga mini rubutun nan, ku yi haƙuri idan ya yi tsawo.

Ɗan Rigasa, yaro, zo wata rana in nuna maka gwangwanin biskit ɗin da nake ajiye katunana. Lokacin da muke aiki a masaƙa a Kakuri, idan Nuwamba ta shiga sai mu fara sayen takardar jirgi, shuɗiyar nan marar nauyi wadda ita ce wasiƙar, ita ce ambulan. Ka cika ta da ƙananan haruffa, ka naɗe, ka lashi bakin ka manne. Dole ka aika da wuri, don sai ta yi makonni a hanya, amsar ma haka. Sau da yawa katin barka da sabuwar shekara sai cikin Fabrairu yake iso ni, kuma murnar ba ta raguwa.

A cikin gwangwanin akwai katunan Muryar Jamus tun suna birnin Kolon, kafin su koma Bon a 2003. Su ne ke aiko da kalanda, mu rataye a ɗaki, baƙo ya shigo ya san mai gidan nan ɗan sauraro ne. Akwai na Rediyon Sin, waɗanda suka fara Hausa a 1963, shekara ɗaya da Jamusawa. Su kuma idan sabuwar shekararsu ta zo, wajen ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, sai su sako jar takarda da aka yanyanka da almakashi aka fitar da siffar dabbar shekarar. Siririya ce ƙwarai, idan ka ɗaga ta da ƙarfi sai ta yage, don haka a tsakanin shafukan littafi nake ajiye su. Akwai na Masko, akwai na Holan. Wasu tashoshin sun rufe, ma'aikatan da suka sa hannu a katunan wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, amma rubutun hannunsu na nan a Kawo.

Ban ƙi wayar hannu ba, da ita nake jin muryar ɗana da ke Fatakwal. Amma ina goyon bayan Mai Eriya. Ba mu taɓa aika gaisuwa tsirara ba. Kullum da rahoto a jikinta.

Ɗan Rigasa:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Zan zo in gani da yardar Allah. Amma a zamaninku ai ba su da hanyar sanin ko muryarsu na isowa sai kun faɗa musu. Yanzu suna da na'urori a ko'ina.

Injiniya, Barnawa:
Ɗan Rigasa ya faɗi rabin gaskiya. Manyan tashoshi suna da na'urorin saka ido, shi ya sa wasunsu suka daina aiko katin QSL, wato katin da tasha ke tabbatar maka da shi cewa lallai ita ka ji. Amma na'ura tana auna ƙarfin sigina ne kawai. Ba za ta gaya wa masu riƙe da kuɗin tasha cewa har yanzu akwai mutane a bayan akwatin rediyo ba. Duk lokacin da za a rufe wani zango, hujjar da ake kawowa ita ce babu masu saurare. Jamus ta rufe tasharta ta Kigali a 2015, wadda ta yi shekaru hamsin tana cillo mana shirye-shirye. Gidan rediyon gwamnatin Ostireliya ya bar gajeren zango gaba ɗaya a Janairun 2017. Mu da muka san darajarsa a ƙauyukan da babu sabis, idan muka yi shiru wa zai yi magana?

Ga sababbin shiga, ga yadda rahoton yake. Bayan rana da lokaci da mita, sai ka ba da maki biyar da ake kira SINPO, kowanne daga 1 zuwa 5: ƙarfin murya, kutsen wata tasha, ƙarar iska, yadda muryar ke tafiya tana dawowa, sai kuma jimillar yadda ka ji. Wanda ya rubuta 55555 yana nufin tangaram. Wanda ya rubuta 35333 yana nufin ana ji amma da ƙoƙari. Kada ka ƙara maki don ka faranta musu rai saboda lokacin biki ne. Rahoton ƙarya cutar da tasha yake yi.

Sai ku kula da agogo. Muna gaban GMT da awa ɗaya. Shirin BBC na takwas da rabi na dare, 1930 za ka rubuta. Daren sabuwar shekara kuma nan mutane ke ruɗewa: idan ka ji tasha da sha biyu da rabi na dare agogonmu, mu mun shiga 1 ga Janairu, amma a rahoto 2330 ce ta 31 ga Disamba.

Hajiya Mai Zaɓi Sonka, Unguwar Rimi:
Kun tafi Jamus da Sin kun bar na gida. Ni gaisuwar da ta raine ni ta Rediyon Kaduna ce. Tun 1962 gidan nan ke magana, kuma a zamanin da mita 49 ke da ƙarfinta a kan 6090, sai ka ji an karanto kati daga Kumasi, daga Garwa, daga Maraɗi, daga Injamena, har daga Sudan. Makon Sallah kuwa sai ka yi sammako kafin ka sami katin Zaɓi Sonka a wajen masu sayarwa. Mu zauna a tsakar gida, lalle a ƙafa, ana suyar nama, rediyo a kan turmi an jingina shi da bango, kowa ya yi tsit. Mai gabatarwa na zubo sunaye da sauri, da zarar an ambaci na gidanmu sai guɗa ta tashi har maƙwabta su leƙo su ce sun ji.

Ku maza kuna ƙirga mita da maki, mu mata sunaye muke ƙirgawa. Akwai wata baiwar Allah a Agadas da muka yi shekaru muna gaisawa ta iska ba mu taɓa ganin juna ba. Ranar da ta rasu, a rediyo na ji ta'aziyyarta. Don haka Mai Eriya, na yarda da shawararka, amma a ƙara abu ɗaya: a cikin wasiƙar a ambaci sunayen 'yan'uwa masu saurare na wasu garuruwa a gaishe su, kada a tsaya kan ma'aikatan tasha kaɗai.

Mai Eriya, Tudun Wada:
Hajiya wannan ƙari ne mai kyau, an karɓa. Kuma tashoshin gida ma su sami nasu, har da Muryar Najeriya a 7255.

Baban Murna, Sabon Tasha:
Ina gaishe ku duka. Na ji daɗi da Mai Eriya ya ambaci Kirsimeti da Sallah a jimla ɗaya. Ku da kuke zaune a arewacin gadar kogin Kaduna wataƙila ba ku san yadda abin yake a wajenmu ba. Bayan rikicin 2000 da na 2002 garin nan ya rabu, da yawanmu muka kwashe daga Tudun Wada da Unguwar Shanu muka tsallako kogi, wasu kuma suka tsallaka can. Abokan da muka taso tare, zuwa gidajensu ya zama sai an yi shawara. Amma duk Sallah sai na aika musu gaisuwa ta rediyo, su ma duk Kirsimeti sai na ji sunana. Iska ba ta san gada ba. Da wannan muka riƙe juna har hankali ya kwanta muka koma ziyara.

Ranar 25 da rana ina neman Rediyon Batikan don jawabin Fafaroma, sannan in juya BBC don saƙon Sarkin Ingila. Al'adar saƙon sarkin ta samo asali tun 1932, Sarki George na Biyar ne ya fara, kwanaki kaɗan bayan an buɗe sashen BBC na ƙasashen waje, kuma ta gajeren zango ya isa nahiyoyi. Ashe gaisuwar biki da wannan sana'a tamu tare suka taso.

Malamin Islamiyya, Badarawa:
Assalamu alaikum. Zan faɗi abin da ke raina a fili don kada a yi ta raɗe-raɗi. Ni a bisa fahimtar malaman da na yi karatu a wajensu, ba na furta barka da Kirsimeti, domin biki ne da ya shafi aƙida. Na san akwai malaman da suka sauƙaƙa a kai, ban zo jayayya da kowa ba. Abin da nake roƙo shi ne idan za a rubuta wasiƙa da sunan zaure baki ɗaya, kada a sa kalmar da wasunmu ba za su iya sa hannu a ƙarƙashinta ba. Baban Murna, ka san matsayinka a wajena. Kai ka fara koya mini ɗaura wayar eriya a bishiyar mangwaro, kuma ranar da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti kai ka fara zuwa.

Ɗan Rigasa:
Malam, ni ina ganin wannan zai ɓata wa wasu rai fa.

Baban Murna, Sabon Tasha:
A'a ɗana, bai ɓata mini ba. Na fi son wanda zai faɗa mini iyakarsa a gabana. Malam ba ya ce mini barka da Kirsimeti, amma duk shekara a makon sai ya kira ya tambayi lafiyar yara da ta Maman Murna, naman layyarsa kuma bai taɓa wuce gidana ba. Shawarata: wasiƙar zaure ta zama ta godiya ga tasha bisa aikin shekara da fatan alheri. Wanda yake son ƙara barka da Kirsimeti ko barka da Sallah ya ƙara a tasa da sunansa.

Malamin Islamiyya, Badarawa:
Na gode, hakan ya yi mini daidai. Kuma in an zo Sallah a tuna, a dakata da aika barka sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata. Wasu da sun ji kabbarori a rediyon Saudiyya sai su hau turo gaisuwa, alhali a nan ana iya wayar gari da azumi.

Baba Na Kawo:
Allah ya yi muku albarka ku biyun.

Wani abu ne ke damuna tun ɗazu. Muryar Amurka fa? Tun 1979 suke tare da mu da Hausa, sai ga shi a watan Maris na 2025 aka dakatar da shirye-shiryen. Da asuba har yanzu hannuna kan kai ga mitarsu, in ji shuuu kawai. Waɗannan bayin Allah sun yi shekaru suna karanta gaisuwarmu. Yanzu da ba su da makirfo, mu manta da su?

Hajiya Mai Zaɓi Sonka, Unguwar Rimi:
Baba ka taɓo inda ke mini ciwo. Su ne ma suka fi cancanta bana. Da yawansu suna da shafuka a intanet, ana iya samunsu.

Ɗan Rigasa:
To kun gani, nan wayar ta yi rana. Ku bar mini wannan. Zan nemo shafukan da suke amfani da su a fili, kowa ya rubuta abin da yake tunawa daga shirinsu, in haɗa in tura. Baba, kai ka faɗa da baki jikarka ta naɗa, muryarka za ta fi rubutu.

Mai Eriya, Tudun Wada:
Madalla da Ɗan Rigasa. Abin da nake nema ke nan tun farko, gaisuwa mai ɗauke da shaidar cewa an saurara.

Injiniya, Barnawa:
Tunda an daidaita, bari in ba ku abin farauta na makon biki, don wannan lokacin ya fi kowane daɗin saurare. Tsawar damina ta wuce, dare ya yi tsawo, mita 49 da 41 da 31 suna buɗewa sosai bayan magariba. Da rana ku koma 19 da 16.

Na farko, daren 24 ga Disamba gidan rediyon NDR na Hambog a Jamus yana da shiri mai suna Gruss an Bord, tun 1953 ake yinsa. Iyalan ma'aikatan jiragen ruwa ne ke zuwa su gaida mazajensu da 'ya'yansu da ke tsakiyar teku, kuma saboda wannan daren kaɗai ake hayar mitocin gajeren zango a cilla shi tekun Atilantika da na Indiya. Da Jamusanci ne, amma ba ka bukatar tafinta idan yarinya ƙarama ta kira babanta muryarta na rawa. Hajiya, Zaɓi Sonka ne na masu jirgin ruwa. Mitocin suna canzawa duk shekara, zan saka su nan idan sun fito.

Na biyu, a Grimeton ta ƙasar Suwidin akwai tsohuwar tasha mai suna SAQ, injinta na 1924 ne, ƙaton ƙarfe mai juyawa, ba shi da bawul ko tiransisto. Sun saba tayar da shi da safiyar jajibirin Kirsimeti su aika saƙo da haruffan Morse, wato gajeru da dogayen ƙararraki a madadin magana, a kan kilohaz 17.2. Wannan ƙasa yake ƙwarai da abin da rediyonmu na Kchibo ko Tecsun ke kamawa, sai dai ta na'urar kama rediyo da ake saurare ta intanet.

Na uku, ranar 31 kana iya bin sabuwar shekara tana zagayo duniya kana zaune a ƙofar gida. Niyu Zilan na shiga da sha biyun ranarmu, Japan da huɗu na yamma, Sin da biyar, Landan kuma sai ɗaya na dare, awa ɗaya bayanmu. Ba kowacce za ta shigo ba, amma neman ai shi ne daɗin.

BBC ma tana da irin wannan, sai dai a 21 ga Yuni take yi, rabin awa na gaisuwar iyalai ga masu binciken Birtaniya da ke zaune cikin duhun sanyin Antatika. Mutum 'yan gommai ake yi wa shirin, duniya kuma na saurare.

Ɗan Rigasa:
Injiniya, idan na saurara ta na'urar jami'ar Twente da ke Holan a wayata, zan iya aika rahoto in karɓi kati?

Injiniya, Barnawa:
Za ka iya, da sharaɗin ka rubuta ƙarara cewa ta na'urar Twente ka ji. Eriyar tana Holan, don haka Holan ce ta kama, ba Rigasa ba. Wasu tashoshi suna karɓa, wasu ba sa karɓa.

Baba Na Kawo:
Ni kam ba zan sa irin wannan katin a gwangwanina ba. Amma ban hana yaro ba, in dai ya faɗi gaskiya.

Mai Eriya, Tudun Wada:
Matsalata a Tudun Wada ƙara ce. Da an kawo wuta, cajar waya da ƙwayayen fitilar zamani da inbatar maƙwabta su cika zangon da ɓurari, ko BBC da ke zuwa da ƙarfi daga tsibirin Asenshon sai ta dusashe. Sai an ɗauke wuta kafin a tada janareto nake samun 'yan mintoci masu tsabta. Daren 24 ban san yadda zan yi ba.

Baban Murna, Sabon Tasha:
Ku zo wajena. Ina da fili a bayan gari ta hanyar Kachia, babu wayar lantarki kusa, akwai dogayen bishiyoyi biyu da za a ɗaura eriya. Mu taru da la'asar, a yi magariba da isha'i a nan, akwai ruwan alwala da wuri mai tsabta. Ni zan leƙa sujadar dare in dawo. Abincin kuma Malam ya kawo wanda zai yanka kajin da hannunsa.

Malamin Islamiyya, Badarawa:
Saurare zan zo yi da zumunci, kuma zan zo da wuƙata. Amma a tashi da wuri saboda hanya, kada a wuce tara.

Hajiya Mai Zaɓi Sonka, Unguwar Rimi:
Ni ba zan iya fitar dare ba. Ku naɗo mini shirin masu jirgin ruwan nan ko na minti biyar ne. Zan aiko da kunun gyaɗa a fulas saboda sanyi.

Injiniya, Barnawa:
Za a naɗo, Hajiya. Masu zuwa, kowa ya zo da sabon batir, a bar caja a gida. Zan kawo waya mai tsawon mita 20 da sandar ƙarfe da za mu kafa a ƙasa mu jiƙa gindinta. Ƙurar hunturu tana tara wuta a jikin doguwar waya, idan ba a ba ta hanyar sauka ƙasa ba tana iya ƙona ƙaramin rediyo, don haka kada kowa ya maƙala wayar a eriyarsa sai na duba. A zo da biro da littafi, rahoton a wurin za a rubuta, ba washegari daga ƙwaƙwalwa ba.

Mai Kula Da Zaure:
To ga abin da na fahimta. Wasiƙar zaure ta godiya ce da fatan alheri, Mai Eriya da Malam da Baban Murna su tsara ta su kawo nan a duba kafin 15 ga wata. Kowa ya aika tasa gaisuwar da rahotonsa ga tashar da yake so, ta imel ko ta gidan waya. Saƙon tsofaffin ma'aikatan Muryar Amurka yana hannun Ɗan Rigasa. Hotunan furanni ba a hana ba, amma a yi ɗaya ɗaya saboda masu ƙaramar data. Wanda zai je Sabon Tasha ranar 24 ya rubuta sunansa a ƙasa don a san yawan motoci.

Baba Na Kawo:
A rubuta ni, in akwai mai ɗaukata. Zan zo da gwangwanin.

Ɗan Rigasa:
Zan biyo ta Kawo da Keke Napep ɗin yayana in ɗauke ka Baba, ƙarfe uku. Akwai sauran wurin mutum ɗaya.